Alwalar da Na Yi a Gaban Hajara

Laraba da dare, zango na biyu, 1976

Yau sabuwar malamar fiƙihu ta shigo aji da butoci shida, ta ce mu rufe littattafai. Ta fitar da mu gindin darbejiya, ta raba mu biyu-biyu, kowacce ta yi alwala 'yar'uwarta na kallo.

Ban damu ba, don ni ce na zo ta ɗaya a wannan darasi bara. Farillan alwala ina iya jero su ko daga barci aka tashe ni.

Ina cikin yi sai Hajara, wadda ke zuwa daga Hayin Banki, ta riƙe hannuna. Ta ce mini cikin tsokana, "Malama Binta sarkin hadda, ina gwiwar hannun? Ruwan bai kai ba."

Na duba, wurin a bushe. Iyakar inda hannun rigata ya tsaya nan nake tsayawa, kuma ban san tun yaushe nake haka ba.

Ni da ban taɓa ɗaga hannu a aji ba, sai na ji bakina yana tambaya: "Malama, to sallolina na baya fa?"

Na zaci za ta ba ni amsa in huta. Sai ta ce, "Tambaya mai kyau. Ki bincika, ki tambayi Babanku, gobe ke za ki faɗa wa aji."

Baba ya dawo daga ofis tun la'asar. Sau uku ina zuwa ƙofar ɗakinsa ina juyowa, don kunyar ya ji ban iya alwala ba. Fitilarsa na kunne har yanzu. Bari in ajiye biron nan in je in yi sallama.