Ƙorafi Kan Shekaru Ashirin da Uku da Aka Share wa Ylva Stenlund

Daga:
Majvor Stenlund,
Malamar lissafi mai ritaya,
Lamba 6, Titin Kvarnbacken, Brännsele.
11 ga Nuwamba, 2024.

Zuwa ga:
Torbjörn Wikander,
Shugaban Sashen Ma'aikata,
Kamfanin Katako na Brännsele.

Yallaɓai,

Game da: sanya 'yata, Ylva Stenlund, cikin waɗanda za a sallama daga aiki

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina neman izinin gabatar da koke a madadin 'yata, mai kula da babban injin tsaga katako, wadda ta fara aiki da ku ranar 3 ga Satumba, 2001.

1. Da na haife ta, namiji aka rubuta. Ranar 14 ga Maris na bana hukuma ta amince da sauya jinsinta, aka ba ta sabuwar lambar ɗan ƙasa kamar yadda aka saba, domin a ƙasar nan lambar tana nuna jinsin mutum. Na'urar ofishinku ta ga wata lamba ta ɓace, wata ta ɓullo, sai ta yanke hukuncin cewa ma'aikaci ya tafi, an ɗauki sabuwa. Ranar 2 ga Afrilu wasiƙu biyu suka iso gidanta tare: ta bankwana ga tsohon sunan, da ta maraba ga sabon. Har dariya muka yi. Ina nadamar dariyar nan.

2. Ranar 21 ga Oktoba aka sanar da rage ma'aikata goma sha ɗaya, bisa ƙa'idar wanda ya shigo ƙarshe shi zai fara fita. Ylva ce ta biyu a jerin, wai watanta bakwai a bakin aiki. Mutum huɗu da ita ta koya musu riƙe injin nan, sun tsira.

3. Sau uku tana zuwa ofishinku. An shaida mata cewa buƙatar haɗa bayanan dole ta fito daga shafin tsohon ma'aikacin a na'urar, shafin kuma an rufe shi, domin mai shi ya bar aiki. Shekara talatin da takwas ina zana da'ira a allo, Yallaɓai, ban taɓa samun wadda ta rufu tsaf kamar wannan ba.

4. Ba na musun alherinku. Kun kafa tuta mai launin bakan gizo, alamar goyon baya ga irinta, kun sauya alamar banɗaki, kun yi wa ma'aikata bita ta yini guda, har kek aka yanka mata lokacin shan kofi. Ni da na haife ta ma sai da harshena ya yi shekara biyu yana tuntuɓe da sabon sunan tun kafin hukuma ta amince, saboda haka ban isa in yi wa kowa gori ba. Sai dai ba a nan gizo ke saƙa ba. Kowa yana ce mini na'ura ba ta son kai. Haka ne. Ba ta kuma jin kunya.

5. Wakilin ƙungiyar ƙwadago ya tausaya ƙwarai, ya ce jerin da kamfani ya ba shi yake bi. Duk wanda muka tarar mutumin kirki ne, kuma duk ba a hannunsa abin yake ba. Na rasa a hannun wa yake.

Don haka ina roƙon a mayar mata da ranar fara aikinta ta asali kafin 29 ga Nuwamba, ranar da za a sa wa jerin hannu. In na'ura ta ƙi, a rubuta da alƙalami.

Ba ta san na rubuto ba, kuma za ta yi fushi. Shekarunta arba'in da bakwai, ba ta da wata sana'a, ta kuma ce ta gaji da yi wa mutane bayanin kanta. Kullum takan ɗauko abu ɗaya daga kabad ɗinta na wurin aiki, don kada abokan aiki su lura. Ranar Juma'a kofin shayinta ta kawo gida. Shekaruna saba'in da shida, ba ni da abin da ya wuce takardar nan.

A huta lafiya.

Taku cikin ladabi,
Majvor Stenlund