A Hanya Munka Haɗu

Daren Litinin, Sabon Birni

Wata biyu ke nan da na rabu da babban mashin ɗina mai faɗin kujera, wanda bai son komai sai kwalta. Isuhu ne ya dame ni: "Aboki, yashin hanyar Gatawa ya fi ƙarfin wanga. Sayi dogon nan mai shiga daji." Shi ya raka ni na zaɓa.

Yau muna komowa daga Isa, 'yan sa-kai sunka tare mu kusa da Kamarawa. Babbansu ya dubi mashin ɗina, ya ce irinshi 'yan bindiga ka hawa. Sunka zaunar da ni ƙasa cikin rana, bakin bindiga na duban ƙirjina. Sannan ya tambayi Isuhu ko ya san ni.

"A hanya munka haɗu, yallaɓai."

Shekara goma sha ɗaya muna kai kaya kasuwanni tare. Shi ya yanka ragon sunan ɗiyata. Ya tada mashin ɗinshi ya wuce, ko waiwaye bai yi ba.

Wani dattijo mai hatsi da ya san mahaifina ne ya tsaya mini, har sunka sake ni bayan la'asar.

Da magariba Isuhu ya zo ƙofar gida. Ina jin shi yana gaya wa ƙanena wai tsoro ne ya kama shi. Na yarda, ni ma na ji tsoron. Amma ban fito ba.

Jibi za ni tafi Gatawa, ni kaɗai.