Zanen Anti Kamala

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki a durƙushe kamar yadda kika koya mana, duk da na san kina inda saƙo ba ya zuwa. Wasu za su karanta wannan, amma da ke nake.

Inna, jibi za a yi min aiki a ciro abin da ke cikina. Likita ta ce jinina yana ta hawa, jaririn kuma ya kwanta a gicciye, ba za a jira naƙuda ba. Biyun da suka zube kin san su, kina raye aka yi. Wannan ne ya daure ya kawo yanzu, kuma shi ne ba kya nan.

Tun da cikin ya fito ban sayi ko safa ba. Maigidana Malam ya sha cewa mu leƙa kasuwar Chow Kit mu duba kayan jarirai, sai in ce masa ƙafata ta kumbura. Ta kumbura ɗin, amma tsoro ne ya hana ni. Ba na so in sake tara kaya su zauna a ɗaki ba mai sawa.

Kwanan nan masaƙarki nake ta tunowa, a jingine da bangon ɗakinki, da ƙarar akwasha in kina buga zare bayan la'asar. Duk 'yarki da ta yi cikin fari sai kin saƙa mata majanyi. Kikan ce, "Jikana ba zai fara kwana a zanen kanti ba." Nawa sau biyu kina ɗora zarensa kina saukewa. A na biyun kika ce min a waya, "Zare ba ya ruɓewa, Rabi, ki kwantar da hankalinki." Kafin na uku Allah Ya karɓi abinsa.

Yaya Hadiza ta ce za ta aiko min da nata. Ɗalibin da zai taho da shi daga gida zuwa ƙasar wajen nan da muke ya ɗaga tafiyarsa.

Akwai wata tsohuwa Ba'indiya da ƙofarta ke kallon tamu a nan unguwar Taman Melati, Anti Kamala. A kudancin Indiya aka haife ta, aure ya kawo ta ƙasar nan. Addininmu ba ɗaya ba, Turancinta da nawa duk a karye suke, amma ba ta taɓa ganina ba ta tambaye ni ko na yi makan ba, wato ko na ci abinci. Watan jiya ta tarar da ni zaune a matakala na kasa ƙarasa hawa. Ta ja ni ɗakinta, ta ba ni ruwa, sannan don ta ɗauke min hankali ta buɗe kwabarta.

Da kin ga abin da na gani, Inna. Sari ne jere, wato dogon zanen nan da matansu ke naɗawa, kuma duk saƙar hannu. Ta ɗora min na alharini a cinya, mai nauyi, daga wani gari Kanchipuram. Jikin zanen daban, bakinsa daban, mutum biyu ke zama a masaƙa ɗaya suna sarƙa su. Ta kama yatsana ta bi da shi ta mahaɗin. Wani kuma na yankin Bengal, shara-shara, ina ganin tafin hannuna ta cikinsa.

Daga can ƙasa ta zaro wani tsohon na auduga, mai ɗaki-ɗaki ja da rawaya, ya sha wanki har ya yi laushi. Ta ce saƙar garinsu ce, Chettinad, kuma mahaifinta ne ya saƙa, yana zaune ƙafafunsa a cikin rami yana taka masaƙa. Ta nuna min gefensa, inda zaren ya ɗan shiga ya ɗan fita. Haka gefen naki yake. Ban san lokacin da na kifa fuskata a kai ba.

A wajensu, in ji ta, ba a sa jariri a sabon zane. Wanda uwa ta ɗaura har ya ɗauki ƙamshinta ake ratayewa a rufin ɗaki, a kwantar da yaro a ciki ana lilo da shi. 'Ya'yanta duk a cikin wannan suka yi barci. Ta tura min shi ta ce, "Ɗauki lah," wato ɗauki mana.

Na ƙi. Na gaya mata dalili, abin da ko Malam ban iya gaya wa ba. Ba ta yi min musu ba, ba ta kuma ce kada in ji tsoro ba. Ta ninke shi ta ce, "Yana nan. Ranar da kika iya, ki ƙwanƙwasa."

Jiya da muka dawo daga asibiti da ranar aiki a hannu, na tsaya a ƙofarta na daɗe kafin na ƙwanƙwasa. Ashe ta riga ta wanke shi ta goge.

Ga shi nan a gefena. Ɗazu na ninka shi na gwada goya filo, ya yi min tsawo. Anti ta ce boleh, wato ba komai, in yanka, amma ba zan sa almakashi a aikin mahaifinta ba. Inna, ina tsoron allurar, ina tsoron in farka in ji ɗakin shiru, ina tsoron kada in farka gaba ɗaya in bar wa Malam jariri a ƙasar da ba mu da kowa. Anti ta ce za ta zauna a bakin ƙofar ɗakin aikin har a fito da ni. Wurinki ne, amma na ce mata to.

Likita ta ce mace ce. Ban gaya wa kowa a gida ba. In Allah Ya raya ta sunanki za ta ci, kin kuwa san bakina ba zai iya faɗarsa ba. Inna zan riƙa ce mata. Ina so in sake kiran Inna a cikin gida a amsa min.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya saka miki da Aljanna kan kowane zare da kika ja dominmu. Ya sauke ni lafiya, Ya ba ni ita a hannu tana kuka. Wanda duk ya karanta, ya sa mu a addu'a.

'Yarki,
Rabi