Bindigar Delbert Ta Daina Shuri

Roundup, Montana
Satumba

Zuwa ga ƙanwata Nadine,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jikoki. Yaya ƙafar? Mu nan kalau muke, sai dai mijin yayarki Delbert da rigimarsa.

Kafaɗar da aka yi masa aiki ta warke, amma harbi ya lalace. Kullum zai kafa kwali a gindin tudu, ya yi ta ɓarin wuta, kwalin yana tsaye lafiya lau. Yau laifin iska, gobe laifin madubin bindiga, jibi laifina, tunda ni nake haɗa masa harsashi tun da idonsa ya daina karanta sikelin auna albarushi. Ni kuwa ina ganin abin da yake yi. Tsoron shurin bindigar yake ji, kafin ta tashi ya riga ya runtse ido ya noƙe.

Na ce bari in haɗa masa mai sauƙi, dalma ƙarama da albarushi mai sanyi, daidai yadda littafin awo ya tsara. Ya ce wai wannan na 'yan koyo ne, shi ba yaro ba ne. Ya kuma rantse in aka buɗe farauta hannunsa bai daidaita ba, zai ba da bindigar kyauta, don ba zai raunata dabba ta je ta mutu a daji ba.

Nadine, wannan ne ya tsorata ni. Kin tuna mahaifinsa da ya rataye tasa, kujerar bakin taga ya koma, bai ƙara wani ƙarko ba. Ba na son in ga Delbert a kujerar nan.

Taki,
Loretta

Oktoba

Ƙanwata,

Na ga wasiƙarki, na gode da addu'a. Ina fata sanyi bai taso ku a gaba ba.

Mun yi ta, ni da tsohon. Na haɗa harsashi ɗaya na bogi, kwanso da dalma kawai, ba abin da zai tashi. Na nuna masa, na ce zan cakuɗa shi cikin na gaske, ba zai san wanne ne ba. Ya yi dariya ya ce, "Zuba, tsohuwa, yau za ki ji kunya."

Na farko ya tashi, na biyu ya tashi. Da aka zo kan na bogin sai ƙas! Ba ƙara, ba hayaƙi, amma ga Delbert ido a rufe, wuya a noƙe, bakin bindiga yana kallon ƙasa kamar mai neman allura. Na shirya tsiya cike da baki, da na ga fuskarsa sai na haɗiye abata. Tausayi ya kama ni.

Can ya ce, "To ina naki na 'yan koyon?"

Yanzu kwali yana shan wahala. Mun sake saita madubin, don mai sauƙin ba ya cin nisa. Abin da ke cin ransa ke nan, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana cika baki da harbi daga wancan tsauni zuwa wannan, yanzu dole ya lallaɓa kusa. Na ce gwiwa dai ba a yi mata aiki ba.

Ki gaishe da kowa.
Loretta

Nuwamba

Nadine tawa,

Ina gaisuwa. Ki gyara wuri a firjinki, nama yana tafe.

Da safe muka fita, dusar ƙanƙara ta ɗan zuba. Muka hango barewa a bakin rafi. A da, daga nan zai harba. Wannan karon sai ga Delbert yana jan ciki cikin ciyawa, ni ina bayansa da tulun kofi, ina roƙon Allah kada gwiwarsa ta yi ƙara ta tona mu. Muka matsa har ina ganin hucin numfashinta. Harbi ɗaya, ta faɗi nan take, ko shure-shure ba ta yi ba.

Na zaci zai yi ihu. Na duba sai na ga hawaye a gemunsa. Na ce kafaɗar ce? Ya girgiza kai. Ya ce tun yana saurayi yake farauta, amma duk harbin da ya taɓa yi shurin bindiga yana fizge idonsa daga madubi, sai dai ya ɗago ya tarar da dabba a kwance. Yau bindigar ba ta motsa ba, ya ga komai.

Ya cire hula ya durƙusa kusa da ita, ya dafa wuyanta. Ya ce, "Loretta, ashe ban taɓa ganin abin da nake yi ba."

Bai ba da bindigar ba. A hanyar gida ya ce baɗi ma haka zai matsa kusa, ko da kafaɗar ta koma ta ɗan shekara ashirin.

Yayarki mai ƙaunarki,
Loretta