Soson Nan Ba Sakaci Ba Ne

Baba, barka da tashi. Na wuce aiki kuna barci, ban so in tashe ku ba.

Na gano abin da ya sa ɗan helikwaftana na wasa ya yi ta karkarwa jiya har ya kifa cikin kwandon wankin Mama. Irin wannan ba shi da sandar daidaito a ka, ɗan baƙin akwatin nan ne ke riƙe shi a iska, soson da ke ƙarƙashinsa kuma shi ke shanye girgizar inji. To, wani bawan Allah ya cire soson, ya manne akwatin da gam, ƙam. Aiki tsaf, irin na wanda ya shekara talatin yana ɗaure notin manyan motoci.

Na daɗe ina juya maganar: in yi shiru ku ci gaba da murnar kun taimaka, ko in faɗa? Sai na ga shirun ma ƙarya ne, kuma farfela ɗaya ta rage mini.

Na sa sabon soso. Don Allah a bar shi yana motsi, haka ake son sa.

In hannu ya yi ƙaiƙayi, ƙofar kicin wata uku ke nan tana jiran ku.