Rasuwar Maestro Dalipe da Littattafansa Bakwai

Cikin alhini, Babbar Ƙungiyar Makaɗa ta Yammacin Tsibirin Panay ta samu labarin rasuwar ubanta kuma jagoranta na farko, Mai Girma Maestro Crisanto Lamparero Dalipe, wanda ya cika ranar Talata da hantsi yana da shekara tamanin da ɗaya. Ni kaina labarin ya riske ni a asibiti, ina rungume da jikata ta fari, bakina ya ƙi rufuwa don murnar haihuwarta.

Maestro ya kafa ƙungiyar nan shekara arba'in da uku da suka wuce, da masu goge tara da mai ganga ɗaya, a rumbun shinkafar surukinsa. Yau mu sittin ne, malaman makaranta da masunta da direbobi, kuma babu cocin lardin nan da ba mu yi kiɗa a cikinsa ba.

Jama'a ba su san cewa kayan kiɗanmu ba su taɓa cika ba. Duk kiɗan da aka rubuta wa makaɗa tamanin, Maestro kan zauna ya sake rarraba shi da hannunsa, ya ɗora wa sarewa aikin algaitar da ba mu da ita. In Toto mai sarewa ya yi ƙorafi sai Maestro ya ce, "Toto, huhu biyu gare ka, ɗaya na me?" Duk wannan aiki yana cikin littattafansa bakwai. Takardun da muka kwafa daga ciki kuwa ambaliyar bara ta cinye su.

Mun samu labarin cewa uwargidansa, Nang Felisa Dalipe, za ta sa littattafan cikin akwatin gawarsa ranar Asabar da za a binne shi, tana cewa, "Bai taɓa fita gida babu su ba, yau ne zan bar shi ya tafi hannu sake?" Ba mu da bakin musa mata.

Sai dai muna roƙonki, Nang, ki bar mu mu zauna a gefen rumfar makoki mu kwafa. Mutum arba'in sun riga sun tanadi alƙalami da takarda, kuma kwana uku suka rage. Idan kin ce a'a, za mu raka shi da kiɗan da muka haddace, mu gode miki.

Allah ya jiƙan Maestro, ya ba ki da 'ya'yansa Rodel da Marivic juriyar wannan babban rashi.

Sa hannu:
Eustaquio Gallenero
Kakakin Ƙungiya kuma mai babban goge na uku