Cinyar Layya Ta Fasto Ce

Unguwar Nima, daren Babbar Sallah

Yau na ɓata wa surukina Baba Alhaji rai, kuma ban yi nadama ba. Ana gama feɗe rago na ware cinya guda, na ce ta Fasto Atinga ce. Baba Alhaji ya ɗago kai daga tabarma: "Naman layya za ka kai wa mai coci? Ko har yanzu raba ƙafa kake yi?"

Na ce, "Baba, ban raba ƙafa ba. Mutumin nan ya riƙe ni tun ina yaro a ƙungiyar matasan cocinsa a Mamobi."

Don girman Baba, sauran a wannan littafin zan amayar. Ranar da na musulunta, abokan da muke waƙa tare duk suka daina gaishe ni. Fasto kuwa har gida ya zo ya ce, "Tunda ka kama, ka kama da gaske." A shekarar yunwa, wa ya kawo mana garin rogo a keke? Ba cikin masu gunagunin yau ba.

Na naɗe cinyar a takardar siminti, na tsallaka babbar kwata zuwa gidan Fasto. Tsufa ya kama shi, ido ɗaya ya tafi. Ya shafa naman ya yi dariya: "Yakubu, ka yi la'asar kuwa? Ga buta, ga tabarmarka can."

A ɗakin fasto na yi la'asar ta Babbar Sallah. Baɗi ma, in da rai, cinyar tasa ce. Mai fushi ya fara tun yanzu.